Tambayar da Na Kai wa Innar Dije

Bana azumi ya sake faɗowa a tsakiyar bazara, ƙarambau kuma ya biyo shi. Jikata ce ta fara kwaso shi daga Islamiyya, kafin a ankara duk yaran layinmu sun yi fari fat da maganin shafawa. Ni na daɗe da ajiye aiki, amma ƙafata ba ta ajiye ba. Kullum da hantsi sai na leƙa ƙaramin asibitin garinmu, in zauna a baranda in sa musu ido, su kuma su yi ta haƙuri da ni. Rannan na tarar da wata sabuwar ma'aikaciya tana duba yaron da ƙuraje suka feso wa, takunkuminta a haɓa sai ka ce ado. Na ce ta ja shi ta rufe hanci, sannan na tambaye ta ko ta taɓa yin ƙarambau. Ta ce ba ta sani ba, amma bari ta tambayi Ummanta. A gabana ta zaro waya, suka yi ta hira har da dariya, uwar tana ba ta labarin yadda ta sosa goshi har ya bar tabo. Da ta kashe wayar na tambaye ta ita ce ta nawa a ɗakinsu. Ta ce ita ce ta fari.

Ta fari, kuma uwarta na kiran sunanta tana dariya da ita. Na tashi na tafi gida, amma ranar ko gyangyaɗin azahar ban iya ba. Hankalina ya koma wani azumin da ya faɗo a irin wannan zafi, shekara talatin da 'yan kai da suka wuce. Ya koma kan Dije.

A lokacin alkama ce ke tashe a yankin nan, ba shinkafa ba. Babu injinan casar nan da yanzu suke neman hana mu jin kiran salla. Tun daga Kura har Bunkure abin da ido ke gani alkama ce ta nuna tana jiran lauje, sai tumatir da albasa a gefen kanal. Azumi ya kama daidai da yanka. Maza su fita da an idar da asuba, su yi ta yanka har rana ta take, kafin azahar ka ga ƙato kwance a gindin mangwaro an jiƙa buhu an lulluɓa masa, leɓe ya tsage, ko sallama ba ya iya amsawa. Ruwan kanal ma an rage shi a shekarar, wai ana gyara a can sama, yau a sako gobe a ɗauke. Abin da ya kwanta a ƙasa kore ne, mai ɗumi, yana warin gansakuka, kuma a ciki yara ke wanka, a ciki ake wanki, a ciki shanu ke sha. Tumatir ya nuna gaba ɗaya ya rasa mai ɗauka, mata suka yi ta yanka shi suna shanya kauɗa a kan rufin ɗaki, gari ya cika da ƙuda da tsami-tsami. Ƙanƙara kuwa sai dai labari. Randa muke binnewa a jiƙaƙƙen yashi, mu naɗe tulu da tsumma, duk da haka idan an sha ruwa sai ka ji kamar an ɗan ɗumama maka shi.

Asibitinmu ɗaki biyu ne da baranda, rufin kwano, da wata babbar darbejiya a ƙofa. Mu uku ne a ciki. Malam Isiyaku shi ne babba, dattijo mutumin birni, mai tsabta har ta yi yawa. Sai ni Asabe, mai karɓar haihuwa da allura da duk abin da ya samu. Sai Dije, wadda ba ta daɗe da fitowa daga makarantar koyon aikin lafiya ba, aka ɗaura mata aure da wani malamin firamare na garinmu. Dije 'yar Fulanin nan ce da suka zauna can wajen Bunkure suna noma suna kiwo. Siririya, ba hayaniya, in za ta yi dariya sai ta rufe baki da gefen mayafi. Ni kuwa bakina ba ya hutu, shi ya sa muka dace, ina tsokana tana murmushi. Na riga kowa gane tana da ciki, don ni ba a ɓoye mini wannan. Cikin fari ne, kunya ba ta barinta ta faɗa, sai zumbula manyan riguna take. Har azumi take yi don kada gidan miji su lura, sai na ja ta ɗakin ajiya na tsare ta da kofi ina zare ido sannan take sha. A lissafina cikin ya kai wata shida.

Ƙarambau ya shigo mana a goma ta marmari, daga bukkokin 'yan ci-rani masu yankan alkama. Da aka shiga goma ta wuya yara suka fara tashe, gida-gida, a cunkushe a soro suna waƙa suna tari a fuskar juna, shi ke nan ya watsu. Mutanenmu ba su ɗauke shi a bakin komai ba. A shafa wa yaro toka ko farar ƙasa, a dafa ganyen darbejiya a yi masa wanka, a ce zai wuce, kuma gaskiya a jikin yara yawanci wucewa yake. Sai zazzaɓi ya yi tsanani ko ƙuraje sun ruɓe ake kawo mana. Amma mun ga abin da yake yi wa babba. An kawo mana wani lebura a amalanke, ƙato wanda ke ɗaga buhun alkama shi kaɗai, ƙuraje har cikin bakinsa da fatar ido, numfashi na fita da ƙyar. Muka tura shi birni, ba mu sake jin labarinsa ba.

A ranar, bayan mun tashi, Malam Isiyaku ya tsayar da mu a baranda. Ya ce wannan ciwo a iska yake tafiya, ba sai an taɓa mai shi ba, kuma mutum yana fara rabawa tun ƙurji bai fito masa ba. Wanda ya taɓa yi da wuya ya sake. Wanda bai taɓa ba kuwa, in ya zauna ɗaki ɗaya da mai shi, to sai dai wani ikon Allah. Ya nuna mana nasa tabon a gefen hanci, na nuna nawa a wuya. Muka juya muna kallon Dije. Ta ce ba ta sani ba, ta duba jikinta ba ta ga tabo ba, amma ai ba kowa yake bar wa tabo ba. Malam ya ce to ai abu mai sauƙi ne, ta je ta tambayi mahaifiyarta. Dije ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. Shi bai gane ba, ni na gane.

Dije 'yar fari ce. A gidajenmu ma ana yi wa ɗan fari kara, uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, amma namu da sauƙi. Nasu fulakon ya fi namu nesa ba kusa ba. Tun da aka yaye Dije aka miƙa ta ga kakarta ta wajen uba, a wata ruga can gaba, a can ta girma. Uwar ba ta taɓa kiran sunanta ba, in ya zama dole sai ta ce "'yar tsohuwa". In Dije ta shiga ɗaki, ita sai ta fita. Tsohuwar da ta raine ta kuma ta rasu kafin bikinta. Uban da aka aika aka tambaya ya ce shi a shekarun nan rabin rayuwarsa a kudu take, yana bin shanu.

Na ja Malam gefe na faɗa masa maganar cikin. Nan take fuskarsa ta canza, don ya fi ni sanin abin da ƙarambau ke yi wa ƙirjin mai juna biyu. Ya ce in dai aka tabbatar ba ta taɓa yi ba, gobe-goben nan zai ba ta hutu, a kai ta goyon ciki gidan iyayenta tun da wuri, tunda ciwon bai kai can ba. In kuwa ta yi, to muna buƙatarta, don mu biyu ba za mu iya da garin nan ba. Yau akwai gwajin jini a birni da zai raba gardama, akwai allurar rigakafi da ma'aikaci zai iya nema tun kafin ya fara aiki, akwai ƙwayoyin da ke rage wa ciwon kaifi in an fara su da wuri. Mu a lokacin ba mu da ko ɗaya. Abin da uwa ta tuna shi ne gwajinmu.

Na ce ni zan je. Ran Lahadi na hau motar kasuwa zuwa Bunkure, sauran tafiyar na taka ta kan gaɓar kanal, rana na dukan tsakar kaina, miyau ya ƙafe. Na sami Inna, haka kowa ke kiran uwar Dije, a masussuka tare da mata suna shiƙar alkama, ƙaiƙayi ya hau musu gira. Doguwa ce, fuskarta irin ta Dije sak, sai dai babu murmushin. Ni ma 'yar gari ce, na san ba a yi mata wannan magana a cikin mutane. Na gaishe ta, na ja ta bayan tarin dami inda ba mai jin mu, na yi mata bayani dalla-dalla. Na ce ba wasa ya kawo ni ba, yarinyar tana da juna biyu, kalma ɗaya kawai nake so, ta yi ko ba ta yi ba. Da ta ji maganar ciki sai ta kau da kai tana kallon gona.

"Malama, ni ina zan sani?" in ji ta. "Ba a hannuna ta tashi ba. Masu ita sun tafi."

Na ce ko a labari ba ta taɓa ji ba? Ta ce iska za ta kwanta, su kuma da sauran aiki. Ta yi mini sannu da hanya, ta ɗauki ƙwaryarta ta koma cikin mata.

Na dawo ina tafasa. Azumi ne kawai ya riƙe mini baki a hanya, amma a raina babu abin da ban kira ta ba. Na ce wace irin uwa ce wannan, za a ce mata ran 'yarta na cikin haɗari ta tsaya lissafin iska.

Da na kai wa Malam amsar Inna, Dije ce ta raba mana gardamar, da muryar nan tata mai sanyi. Ta ce a ruga duk yara tabarma ɗaya suke kwana, ba yadda za a yi ciwon ya tsallake ta. Ta ce ba za ta bar mu mu biyu a wannan hali ba, kuma in ta tafi goyon ciki tun yanzu ba dalili, me gidan miji za su ce. Malam ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya tsara mana aiki. Duk mai ƙuraje ba zai taka baranda ba, gindin darbejiya za a duba shi, ni da shi. Dije ɗakin ciki, awon masu ciki da ɗaurin yankan lauje. In za mu shiga wurinta sai mun wanke hannu mun canza riga. Ni na zama mai gadin ƙofa, duk yaron da aka kawo, ko ƙaya ya taka, sai na ɗaga rigarsa na duba baya da ciki kafin ya wuce.

Haka muka yi ta yi. Da safe in share gindin bishiya in shimfiɗa tabarmi, iyaye su jeru da yara a cinya. Farin maganin shafawa ya ƙare tun da wuri, muka koma yanke wa yara farce don kada su sosa, da roƙon iyaye su bar toka, su yi musu wanka da ruwa mai kyau, kada kuma su ba su asfirin ɗin kanti. Ruwa mai kyaun ma sai an je rijiyar masallaci an bi layi. Kafin azahar kwanon rufi ya fara ƙara don zafi, Dije na ciki tana fifita da kwali, in leƙa ta taga in ce mata amarya an sha iska, ta rufe baki tana dariya. Da la'asar kowa ya ja ƙafa zuwa gida. In dama kunun tsamiya, in soya ɗan ƙosai in akwai mai, ran da babu mu sha kunu mu bi da dafaffiyar alkama. Har na fara cewa dabarar Malam ta yi aiki.

Sai ranar da Malam ya tafi Kura neman magani. Da hantsi aka zo aka kira ni haihuwa a ƙetaren kanal, mace ta kwana tana naƙuda, ba yadda zan ƙi. Na sallami na gindin bishiya, na ce wa Dije ta sa sakata, kowa ya zo ya jira ni. Ina fita ashe wata mata ta rugo da ɗanta a kafaɗa, zazzaɓi ya sa shi jijjiga, ido ya kafe, tana dukan ƙofa tana kuka. Fuskarsa da hannunsa babu ƙurji ko ɗaya. Wane ma'aikaci ne zai bar sakata a rufe? Dije ta buɗe, ta karɓe shi, ta yi masa abin da ya kamata, ta ɗora shi a cinya tana goga masa jiƙaƙƙen tsumma har jijjigar ta lafa. Da na dawo bayan azahar na same su a ɗakin, taga a sakaye saboda hucin rana, yaron na barci a ƙirjinta. Na ɗaga gashin ƙeyarsa, na ɗaga rigar. Ga su nan a gadon baya, ƙanana, cike da ruwa, sun fara fesowa.

Dije ta kalle su, ta kalle ni. Ta ce, "Yaya Asabe, ai wataƙila na yi." Na ce mata in sha Allahu ta yi, na karɓi yaron daga hannunta.

Ƙarambau ba ya nuna kansa da wuri. Yakan yi sati biyu, wani lokaci har uku, yana kwance a jiki ba alama. Wannan jira shi ne abin da ya fi yunwa da ƙishirwa wuya a azumin nan. Goyon ciki kuma ya fita daga magana, don in Dije tana ɗauke da shi, rugarsu za ta kai wa. Malam ya ce ta zauna a ɗakinta. Kullum kafin in wuce asibiti sai na biya, in duba bayanta, bayan kunne, cikin kitso. Wata safiya na ga jajayen ƙuraje a wuyanta, na ja ta bakin ƙofa wurin haske, ashe ƙurajen zafi ne. Muka yi dariya, daga dariyar sai na ga tana share ido.

Ana cikin goma ta ƙarshe, wata la'asar ina tankaɗe a tsakar gida, na ji sallamar mai nono. Na ce ba ma saye, aka sake sallama. Inna ce, da ƙwarya a ka, ta tako tun daga can a wannan rana. Masu tallan nono ne suka kai mata labarin yaron da Dije ta riƙe. Ta sauke ƙwaryar, ta zauna a bakin madafa, ta ba ni gefe tana fuskantar bango, ta fara magana a hankali kamar da bangon take.

Ta ce 'yar tsohuwa ta yi ƙyanda a shekarar da ta fara tafiya, har idonta ya rufe. Ta yi tari mai shiƙa da damina ta zagayo. Ta taka garwashi da ƙafar hagu, ta yi shawara sau ɗaya, haƙorinta na gaba a bakin turmi ya fita. Ta yi ta jero su ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ya kawo magani da abin da aka jiƙa. Ashe duk shekarun nan ba mai nonon da za ta fito daga rugar tsohuwa ba ta tare ta da wata hira ba, har zancen ya gangaro kan yarinyar. Ashe takan ƙirƙiri aron faifai ko neman ɓatacciyar tunkiya, ta je ta wuce ta bayan ɗaki. Ta ce shekarar da ƙarambau ya shiga rugar, an kai yarinyar Madobi wurin goggonta, ba a dawo da ita ba sai da ciwon ya wuce.

"Ba ta yi ba, Malama," in ji ta. "Na ɗauka ciwon yara ne. Ni na yi, in ana neman wanda ya yi."

Faɗan da na tara mata yana nan a maƙogwarona, amma tsoro ya fi shi girma, na haɗiye shi na ajiye zuwa wata rana. Na ce ta tsaya ta sha ruwa, ta ce shanu na jira. Ta bar mini nonon ta tafi.

Ban faɗa wa Dije ba, Malam kaɗai na faɗa wa. Aka ga wata, aka yi salla, Dije lafiya lau, har ta yi lalle ta aiko mini da tuwo. Na fara ce wa kaina ai ba kowa yake kamawa ba. Hadari ya fara haɗuwa a gabas da yamma, ya yi baƙi, ya watse ba ko ɗigo, zafi ya ƙara dannowa. Bayan salla da 'yan kwanaki na biya da safe, ta ce mini kanta na sarawa, bayanta kamar an doke ta. Na taɓa goshinta. Washegari na buɗe kitsonta na ga guda ɗaya, cike da ruwa. Kafin rana ta faɗi sun rufe ƙirji da baya.

Da hantsin rana ta biyu Inna ta iso da ƙullin kayanta. Matan gidan suka tsaya suna kallo, don ba a taɓa ganin uwar 'yar fari ta tako gidan surukai ta wuce har ɗaki ba. Ba ta kalli kowa ba, ta ce ita ta yi ciwon, shi ya sa aka aiko ta. Ba wanda ya aiko ta. Ta shiga ta karɓi jinya, ita ce fifita, ita ce goga jiƙaƙƙen tsumma, ita ce ɗura kunu a bakin da ƙuraje suka cika. Amma ko a nan ba ta yi wa 'yar magana kai tsaye. In ina ɗakin sai ta ce, "Malama, ce mata ta ɗaga hannu." Dije na jin ta, ta ɗaga tun ban buɗe baki ba. In ba na nan ban san yadda suke yi ba.

Tari ya fara a hankali, busasshe. Daga nan numfashi ya soma gudu. Na sa kunne a bayanta na ji abin da nake tsoro, na aika a kira Malam, ya zo ya saurara, ya ce a nemo mota yanzu. A-kori-kurar masu tumatir muka samu, aka share bayan aka shimfiɗa katifa, warin ruɓaɓɓen tumatir na tashi. Mijin da Malam suka shiga gaba, ni da Inna a baya, ita ta tallafe kan, ni ina kare rana da zane. Duk ramin da motar ta faɗa sai Dije ta kama ciki. Leɓenta ya fara canza launi kafin mu wuce Kura, ni kuma ba abin da ke hannuna sai addu'a.

A babban asibitin birni suka ware mata ɗaki a ƙarshen baranda. Babbar nas ɗin ta tsaya ta tambayi ma'aikatanta ɗaya bayan ɗaya wa ya taɓa yi, waɗanda ba su sani ba ta hana su ko leƙawa. Aka sa wa Dije iskar numfashi. Kwanaki muka yi a nan, zazzaɓi ya hau ya sauka ya sake hawa, ni ina zuwa ina komawa don ba a bar Malam shi kaɗai ba, Inna kuwa ba ta motsa daga gefen gadon ba. Ranar da likita ya ce ƙirjin ya fara saki, har na yi hamdala, a ranar naƙuda ta taso, alhali da sauran watanni. Namiji ne, tsawonsa bai wuce tafin hannuna biyu ba. Ya yi motsi, ya buɗe baki ba sauti, ya ɗan jima, ya tafi. Mijin da wani ɗan'uwansa suka naɗe shi suka fita da shi.

Dije ta rayu. Ta warke da tabo a fuska, ta koma aiki, ta haifi wasu daga baya, yanzu haka tana Garun Mallam da jikokinta. Amma wannan na farin har yau in mun haɗu ba ma zancensa.

A yammacin ranar da aka binne jaririn aka yi ruwan farko. Iska ta fara tasowa, sannan ya sauko da ƙarfi a kan kwano, ƙamshin ƙasa ya cika barandar, masu jinya suka fito suna tara hannu. Ni ina zaune a kan benci, jikina duk ya mutu. Dije ta samu barci. Sai ga Inna ta fito da buta, ta tara ta a bakin indararo, ta tsaya kusa da ni tana kallon ruwan. Ga ranar da na ajiye wa faɗana ta zo, na duba cikina ban sami ko kalma ɗaya ba. Tausayinta ne ya cika ni, har na ji ba na son ta yi magana.

"Malama," in ji ta, ba ta juyo ba. "Da na faɗa miki ran nan a masussuka, da yanzu yaron yana ciki?"

Na ce mata kowane rai da kwanansa, abin da Allah ya rubuta ba mai gogewa.

"Na san wannan tun ba a haife ki ba. Ke nake tambaya, ke da kika yi karatun."

Na so in yi mata ƙarya, wallahi na so. Amma matar da ta tako tun daga Bunkure da ƙwarya a ka don ta faɗa mini gaskiya, ban ga yadda zan mayar mata da wani abu daban ba. Na ce, "Inna, da kin faɗa, da washegari mun kawo miki ita gida."

Butar ta cika tana zuba a ƙafarta, ba ta janye ba sai can. Ta gyaɗa kai, ta ce, "To, na ji." Ta ɗauki butar ta koma ɗakin, don lokacin goge wa Dije jiki ya yi.